Babi na Shida: Neman Inuwa a Gadarif

Duk wanda ya bi hanyar gabas ta ƙasa, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki suna nufin Makka, zai iso wani yanki na Sudan inda ƙasa take baƙa wuluk, a shimfiɗe, sai 'yan duwatsu jefi-jefi. Nan ce ƙasar Gadarif. Daga Hartum tafiyar kimanin kilomita 410 ce a kan kwalta, ta Wad Madani da Fao, daga garin kuma zuwa Gallabat a bakin iyakar Habasha kimanin kilomita 150 ne. Laka ce irin firgin gabashin Barno. Da damina ta jiƙe ta riƙe ƙafar mutum da tayar mota, da rani ta bushe ta tsattsage har hannu ya iya shiga tsagar. A kan wannan laka ake noma babban kaso na dawar da Sudan take ci, da riɗin da take sayar wa duniya.

Zafi kam akwai shi, a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Amma abin da ya fi tsaya wa Bahaushe a rai a wannan hanya shi ne gonaki ba itace. A ƙasarmu gona ba ta cika gona ba sai da gawo ko ɗorawa ko kuka ko kaɗanya a tsakiyarta, inda manomi zai rataye gorar ruwa, inda za a sauke masa fura idan rana ta take. A nan sai ido ya yi ta tafiya a kan karan dawa har inda sama ta haɗu da ƙasa, bai ci karo da ko kututture ba. Ma'aikatan da ke yankan riɗi a watan Oktoba, waɗanda da yawansu daga Habasha suke ƙetarowa, sukan fake a gefen tarakta ko a ƙarƙashin buhun da suka ɗaura a kan sanduna.

Da ba haka wurin yake ba. Daji ne na dushe da dakwara da aduwa, makiyayar raƙuman Larabawa da shanunsu. A tsakiyar shekarun 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka buɗe gonakin inji na farko a Gadambaliya, yamma da gari, don ciyar da sojojinsu. Abin ya yi albarka, 'yan kasuwa suka shigo. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji da tallafin Bankin Duniya, aka riƙa yanka daji gona-gona, kowace faddan 1,000 ko fiye, faddan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka ɗaya. Garmar tarakta ba ta son kututture, don haka sai a sare komai, a tumɓuke saiwa, a yi gawayi da itacen. Daga baya masu hali suka wuce iyakar da aka auna musu, suka share miliyoyin faddan ba tare da tsarin hukuma ba. Da wannan Gadarif ta zama rumbun Sudan. Katafaren rumbun siminti da ke tsaye a garin da kasuwar amfanin gona, inda ake cinikin riɗi wanda ya fi tayi ya ɗauka, su ne shaidar wannan arziki. Kuɗin da aka biya shi ne dajin.

Shi kansa garin kasuwa ce ta haife shi. A da Suƙ Abu Sin ake ce masa, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya, kuma a nan fataken Habasha da na Kasala da na Sinnar suke haɗuwa. Mutanenmu sun daɗe da saninsa. Alhazai kan yada zango su yi noman damina ɗaya ko biyu don su tara guzurin isa Sawakin, wasu su ƙarasa, wasu zama ya kama su. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, daga nan jama'a suka bazu zuwa gabas. Zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙara jawo masu neman aiki. Hausawan Gadarif na yau 'yan Sudan ne haihuwar kaka da kakanni, Hausa a gida, Larabci a kasuwa. Da yamma ƙamshin agashe, tsiren da suka koya wa Sudan duka, shi ke cika bakin titi.

To, a gari irin wannan, ina baƙo zai je ya sha iska? Ina mutanen gari suke zuwa idan ɗaki ya ƙi zaunuwa?

Amsa ta farko ita ce gindin darbejiya. Turawa ne suka kawo ta daga Indiya, kamar yadda suka kawo ta Maiduguri, kuma ta karɓi ƙasar hannu bibbiyu. Kusan duk inda ta yi inuwa a kusa da kasuwa ko asibiti ko tashar mota, akwai mace mai shayi da 'yar teburinta da kwalaben kayan ƙamshi da kurfotin gawayi, da ƙananan kujeru na saƙar igiya a kewaye. Baƙo ya yi sallama ya zauna, ba wanda zai tambaye shi daga ina. Idan gahawa yake so, a soya ta a gabansa, a daka, a dafa da citta a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya da suke kira jabana, a kunna turaren wuta a gefe. A wannan inuwa dillalin riɗi da ɗan ƙwadago da malamin makaranta da direban raksha suke zama kafaɗa da kafaɗa. A nan na fi jin labarin gari, farashin buhu da halin damina da wanda ya tafi Umara. Sai dai inuwar itace ɗaya ce, ta maza ce galibi, kuma ta mai kuɗin kofin shayi. Uwa mai 'ya'ya biyar ba ta da wurin shimfiɗa tabarma a nan.

Amsa ta biyu ita ce wuraren shaƙatawar iyali masu katanga, irin waɗanda ake samu a manyan garuruwan Sudan. A sayi tikiti a ƙofa, a ciki akwai lilo da fitilu da masu sayar da sanyi, da 'yar ciyawa da ake lallaɓawa. Bayan magariba suke cika, ranakun Sallah kuwa ba masaka tsinke. Yara suna murna da su, kuma murnar yara ba ƙaramin abu ba ce. Amma ƙanana ne, kuma dalilin ƙanƙantarsu a fili yake: Gadarif gari ne mai ƙishirwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne, yawancin abin da ake sha daga kogin Atbara ake turo shi ta bututu daga wajen Shuwak, tafiyar kilomita masu yawa. Ko bayan an buɗe madatsar Atbara da Sitit a 2017, mai jaki da tankin ruwa bai daina yawo a unguwanni ba. Garin da ake sayen ruwan sha da jarka ba zai iya shayar da filin ciyawa irin na Turai ba. Lambun da zai rayu a nan sai wanda ya dogara da itacen ƙasar, mai shan ruwan damina ya jure rani.

Irin wannan lambu akwai shi, Allah ne ya dasa, hukuma ta keɓe. Arewa maso gabas da gari, ta hanyar da ta nufi Kasala, akwai dajin Rawashda, da maƙwabcinsa na Wad Kabo. Suna cikin 'yan gandun dajin da suka tsira daga garmar tarakta, saboda an yi musu iyaka a takarda tun kafin gona ta iso. Mafi yawan itacen dushe ne, mai jan ɓawo da farar ƙaya, wanda kan rufe da fure rawaya mai ƙamshi. Wanda yake son ya ga Gadarif a ranar kwalliyarta ya zo da damina, tsakanin Yuli da Satumba. Hadari yana tasowa daga wajen duwatsun Habasha, baƙar ƙasa ta koma shar, 'yan duwatsun da ke kewaye da gari su lulluɓe da ciyawa, bukkokin ciyawa masu tsinin kai da aka san garin da su su yi duhu saboda jiƙa. A lokacin iyalai kan ɗauki tabarmi da tukwane da gawayi su fita bayan gari, a yini ana gashi ana hira, yara suna guje-guje a tsakanin itatuwa. Ba tikiti, ba katanga. Baƙon da ya wuce ta kusa da wata shimfiɗa, da wuya ya tsira ba a kira shi cin abinci ba, don wannan ɗabi'a ce da 'yan Sudan ba sa wasa da ita.

Masu yawon shan iska su ne mafi ƙarancin masu buƙatar wannan daji. Idan damina ta faɗi, makiyaya kan taso daga kudu suna gudun laka da ƙuda, su nufi filayen Butana a arewa, kuma tun da gonaki suka cinye burtali, a Rawashda suke samun wurin yada zango da raƙuma da tumaki da shanu. Masu ɗiban ƙaro suna shiga, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Masu gawayi suna shiga. Matan Kano da Maiduguri da suka san gyaran jiki irin na Sudan, dilka da turaren tsuguno, sun san ƙamshin wannan itace ko da ba su taɓa ganin inda yake tsirowa ba, domin da dushe ake yin wancan hayaƙin. Daji ɗaya, buƙatu barkatai, kowa kuma da gaskiyarsa. Dokar gandun daji ta ƙasar ta hango wannan matsi, ta wajabta a bar kashi 10 cikin 100 na kowace gonar damina ga itatuwa, da kashi 5 na gonar ban ruwa, kuma a 1989 aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa. Wanda ya bi hanyar Gadarif da idonsa a buɗe ya san yadda dokar ta kwana a takarda. Da an bi ta, da nauyin da ke kan Rawashda ya rarrabu a kan dubban gonaki.

Babban gandun yankin kuwa yana kudu, inda jihohin Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu suka haɗu a bakin iyakar Habasha. Shi ne Dindir. A 1935 aka keɓe shi, yana cikin tsofaffin gandun namun daji na Afirka. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya ninka Yankari fiye da sau huɗu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa na musamman a 1979, a 2005 kuma ya shiga jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Koguna biyu ne ransa, Dindir da Rahad, dukkansu daga duwatsun Habasha suke gangarowa, su yi toroƙo da damina, su janye da rani su bar yashi da gurabun ruwa. Shiga sai da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, don da damina laka ba ta barin mota. Kafin yaƙin 2023 yawancin baƙi ta garin Dindir suke bi, da takardar izini daga 'yan sandan kare namun daji, da mota mai ƙarfi, su kwana a sansanin Galagu da ke tsakiyar gandun.

Sirrin wurin yana cikin fadamunsa, waɗanda mutanen yankin ke kira maya. Tsofaffin hanyoyin kogi ne da kwaruruka da ke cika da ambaliya, su riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya ƙone. Duk mai rai a nan yake taruwa. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, mutum zai ga kwanta-rafi da gwambaza suna kiwo a fili, gadu yana tono da 'ya'yansa a baya, garken ɓauna ya yi baƙi a can nesa, gwaggon biri suna saukowa daga goruba. Zabin daji ba sa ƙirguwa. A bakin ruwa ga kwasakwasa da zalɓe da dinya da borin tunke, wani lokaci jimina ta ratsa. Zaki yana nan, an fi jin rurinsa da dare fiye da a gan shi. Ga Bahaushen da ya san waɗannan sunaye a tatsuniya da kirarin mafarauta kawai, tsayuwa a bakin maya tamkar haɗuwa ce da dangin da aka daɗe ana ba shi labarinsu. Haka dazuzzukan Zamfara da Katsina suke kafin a gama da su. Shi ma Dindir ya yi rashi, raƙumin dawa da ake gani a da ya ƙare tun shekarun 1980.

A gefen gandun, musamman a bakin Rahad, ƙauyuka sun yi yawa tun bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984. Akwai mutanen Darfur da Kurdufan, akwai Hausawa manoma da masunta, akwai Fulani da shanunsu. Gonakin inji sun tura su daga baya, gandu ya tare su daga gaba. Mai saniya da ya ga ɗanyar ciyawa a watan Maris, alhali tasa na mutuwa, zai shiga ko da za a kama shi. Mai neman zuma zai kunna wuta, wutar ta kuɓuce. Ma'aikatan gandun su ƙwace dabbobi, a ci tara, wani lokaci a zubar da jini. Idan aka bar abin a haka, gandun ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha: baƙo mai mota da kyamara ya more, maƙwabci ya kwashi tara. Babu gandun da zai daɗe a tsakiyar mutanen da suke ganinsa abokin gaba. Masu kula da Dindir sun gane haka, shi ya sa aka yi ƙoƙarin shigar da ƙauyukan cikin tsaronsa da ba su wasu hanyoyin samu. Amma tushen matsalar yana waje da iyakarsa, a can inda aka ba mutum ɗaya faddan dubbai aka hana makiyayi hanyar wucewa.

Wanda yake son ganin babban daji a tsakiyar birni a Sudan, kafin yaƙin 2023 Hartum yake zuwa. A gabar Farin Nilu, dab da Mugran inda kogunan biyu suke haɗuwa, akwai dajin Sunut, na bagaruwa zalla, wanda aka keɓe tun shekarun 1930. Idan kogi ya cika sai ruwa ya shiga ƙarƙashin itatuwan, idan ya janye ya bar ƙasa mai laushi, kuma bagaruwa tana son haka. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya kan sauka a nan lokacin sanyi. A wancan lokaci, ranar Juma'a da ranakun hutu iyalai kan cika shi, ɗalibai su zo da littattafansu, a ji hayaniyar gadar Omdurman a can amma ana zaune cikin sanyi. Fili irin wannan a tsakiyar babban birni kuwa ba ya rasa masu haɗiyar yawu. Gidan namun dajin Hartum da ke kusa an tashe shi, aka gina otal ɗin Burjul Fatih a wurin da kuɗin Libiya, aka buɗe shi a 2008. Gine-ginen kasuwanci suka matso har bakin Sunut. Duk da haka dajin ya tsaya, don akwai doka a kansa kuma akwai masu ɗaga murya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Iskar gas ta girki ta yanke, wutar lantarki ta ɗauke, gawayi ya zama abin da ake rayuwa da shi, ba kuma mai tsaron daji. Bayan sojoji sun karɓe Hartum a Maris 2025, waɗanda suka koma sun tarar an yi wa Sunut mummunar sara. Gadarif ba a ci ta da yaƙi ba, amma ta ɗauki nauyinsa. Tun Nuwamba 2020 jihar tana riƙe da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba. Da Wad Madani ta faɗi hannun RSF a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo gabas. Makarantu suka cika, tashar mota ta cika, duk wani fili da duk wata inuwa da ba ta da mai ita ta zama gidan wani. Tsohuwar da ta yi kwanaki a bayan babbar mota, abin da ta fara nema shi ne gindin itace. A irin wannan rana ake gane cewa filin jama'a ajiya ce ta gari, kamar rumbun tsimi, kuma garin da ya sayar da nasa ba shi da inda zai sauke baƙin da masifa ta koro.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa rijiya da kogi da gari kowanne yana da kewayen da ba a mallaka wa mutum ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi maganar raya mataccen fili da abin da shugaba zai keɓe don jama'a. A aikace kuma kowane tsohon garin Hausa yana da hurumi, yana da makiyaya da burtali da mashaya, yana da dandali da filin Idi da kududdufi. Ganuwar Kano da ta Katsina sun kewaye fili mai yawa da ba gini, don a samu wurin noma da kiwo ko an yi wa gari ƙawanya. Sarki bai isa ya ba ɗansa hurumi ba tare da an yi magana ba. Magabatanmu sun san cewa abin da yake na kowa, idan ba a yi masa iyaka an sa mai tsaro ba, mai ƙarfi ne zai cinye shi.

Mu duba abin da muka yi da wannan gado. A Kano kududdufai da yawa an cike su an yi gini, shi ya sa ruwan sama ke rasa inda zai je sai ɗakunan mutane. Badala ta zaizaye, an yanka gefenta. Gidan Zoo da Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, a lokacin yana bayan gari, yanzu shi ne kusan babban kurmi ɗaya da ya rage a tsakiyar miliyoyin mutane, kuma a shekarun baya har an sanar da shirin mayar da shi Tiga. Duk wanda ya ga cikar wurin ranar yawon Sallah ya san yawan masu buƙatarsa. A Yamai an fara dasa zoben darbejiya a kewayen birni tun 1965, amma masu awon filaye sun yi ta gutsurarsa. Labari mai daɗi daga Maraɗi ya fito. Tun daga 1983 manoman yankin, tare da wani ma'aikaci ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Wannan sassabin zamani ya mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba da rijiyar burtsatse ba, ba da dashen gwamnati ba. Dabara ce da za ta yi aiki a lakar Gadarif, inda dushe ke tsirowa da kansa da zarar an ɗaga masa ƙafa.

A wasu biranen ma da tsayuwar mutane aka samu abin da ake gani. A Nairobi a 1989 gwamnati ta so gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, Wangari Maathai ta tsaya kai da fata, aka zage ta aka ci mutuncinta, amma ba a yi ginin ba. Daga baya ta sha duka a kan dajin Karura, shi ma ya tsira, kuma a 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. A Alƙahira wani tudun juji ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa shara, gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta mayar da shi lambun Azhar mai hekta 30, aka buɗe a 2005, yanzu talakawan tsohon birni ke hawa su sha iska suna kallon hasumiyoyin masallatai. A duka biyun, wani ne ya ce wannan wuri na jama'a ne, ya kuma tsaya a kan maganarsa.

Darasin Gadarif ke nan ga garuruwanmu da ke faɗaɗa kullum. Inuwar jama'a ba ta samuwa daga ragowar abin da masu gini suka bari, don ba sa barin komai. Sai an cire ta tun ranar da ake awon filaye, a kafa mata duwatsun iyaka, a yi mata takarda, a damƙa ta ga mai unguwa da dattawa da kwamitin masallaci, waɗanda za su ji zafi idan an taɓa ta. A dasa abin da ƙasar ta sani, tsamiya da maɗaci da kurna da aduwa da bagaruwa, waɗanda ba sa jiran famfo. A bar ta kusa, inda mace da goyo za ta iya zuwa da ƙafa, kuma kada a sa mata kuɗin shiga da zai hana almajiri da ɗan dako. Attajiranmu ba su gaza wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi ba, Allah ya saka musu. Eka biyar ta itatuwa a tsakiyar sabuwar unguwa, da aka yi waƙafinta yadda magaji ba zai sayar ba kuma gwamna ba zai yanka ba, ita ma sadaka ce mai gudana, kuma a yau ta fi ƙaranci a garuruwanmu fiye da sauran.